Garwashin Ƙarshe na Tulmai

Idan ka tambayi Fulanin da ke kawo shanu kasuwar Potiskum labarin Nomau Tafinta, za su ce maka Bafillace ne aka sace tun yana jariri. Barebari kuwa sai su rantse nasu ne, tsagar fuska kawai ya rasa. Wani Banufe mai kwale-kwale ya ce sun taɓa yin hira tun daga wannan gaɓar Kwara har waccan, bai gane ba ɗan Bida ba ne sai da ya lura da yadda yake ƙanƙame gefen jirgi. Masu tuwo-tuwo a tasha cewa suke yi mutumin ba ya da yawan magana, zai zauna kusa da baƙi kamar yana gyangyaɗi, kafin kasuwa ta tashi ka ji yana gaishe su da yarensu. Ƙanwarsa Ayashe ce kaɗai take faɗin wani abu dabam. Ita cewa take yi, "Yayana ya iya maganar kowa, ban da ta uwar da ta haife shi."

Garinsu Tulmai, ɗan ƙauye ne a gindin wani dutse, kuma duk rayuwarsa a kan idon ruwa ɗaya take. Tun zamanin kakanni akwai alkawari tsakanin Tulmawa da aljanar idon: muddin mutum biyu za su haɗu a bakin ruwa da safe, ɗaya ya yi gaisuwa da Tulmanci, ɗaya ya amsa, ruwa ba zai ƙafe ba. A da ba a ma san ana cika wani alkawari ba, don kowa haka yake gaisuwa. Sannu a hankali yara suka koma Hausa, har ya zamana tsofaffi biyu suka rage, Inna Hakama uwar Nomau, da ƙawarta Tsakani. Ana cikin girbin dawa Allah ya yi wa Tsakani rasuwa.

Da saƙo ya iske Nomau ya dawo gida, Ayashe ta tare shi tun a bakin zaure, ko ruwa ba ta miƙa masa ba, don babu.

"Yaya, ido ya koma laka. Inna ta je da safe ta yi gaisuwa, ba wanda ya amsa. Tun ranar ba ta ƙara buɗe baki ba, ko da Hausa. Mai gari ya ce in ruwa bai dawo ba kafin bazara, kowa ya ɗaure kayansa ya nemi inda zai nufa."

"Ke ba ki iya amsawa ba?"

"Au, ni kake tambaya? Wa ya hana a koya mini?"

Nomau ya sunkuyar da kai. Ranar da dangin matarsa suka zo daga birni, Inna ta fito ta tarbe su da Tulmanci, don a wurinta babu girmamawar da ta wuce wannan. Baƙi suka riƙa rufe baki suna dariya. Shi kuwa ya juya ya ce mata a gabansu, "Inna, ki yi magana irin ta mutane, ko ki yi shiru." Daga ranar ba a sake jin Tulmanci a gidan ba, sai a bakin ido. Ayashe tana goye a lokacin.

To, Tulmawa suna da yadda suke ba da haƙuri. Mai laifi zai durƙusa, ya ɗaga murya yadda na waje zai ji, ya ce shi ne, ba iska ba ce, ba akuya ba ce, wato ya toshe duk ƙofar da uzuri zai shigo. Nomau bai taɓa yi wa Inna haka a kan wannan laifin ba. Ya dai aiko da atamfofi, ya yi wa ɗakin Inna rufin kwano. Ta karɓa, ta sa albarka da Hausa.

Ya leƙa ɗakin. Tana zaune gaban murhu mai sanyi, ta zuba wa toka ido. Ya gaishe ta, ta ɗago ta dube shi, ta mayar da kai.

Da hantsi ya tafi bakin ido shi kaɗai. Ya yi sallama da Hausa, shiru. Ya yi da Fulatanci, ya yi da Barbarci, da Nufanci, da Buzanci. Sai laka ta tsage, wata mata ta fito, gashinta busasshiyar gansakuka, leɓunanta sun farfashe, matattun kwaɗi rataye a wuyanta kamar tsakiya.

"Duk na ji, ya kai ɗan Adam mai harsunan aro. Babu wanda aka ƙulla alkawari da shi a ciki."

"Ranki ya daɗe, ki yi mana sassauci. Akwai masu ciki a garin nan, akwai tsofaffin da ba za su iya ƙaura ba."

"Ba mugunta ba ce. Dube ni da kyau, ni ma ƙishirwar ce ke kashe ni. Gaisuwar nan ita nake sha. A bayan wannan dutse akwai Birnin Murhu, inda kowane harshe na duniya yake da wutarsa. Taku garwashi ɗaya ya rage. Ka san ɗiban wuta, yadda ake zuwa maƙwabta idan ta gida ta mutu? To, shi za ka yi. Ka ɗebo, ka zuba a murhun uwarka. In ta kama, bakinta zai buɗe, naka kuma zai tuna. In ta mutu a hanya, ta mutu ke nan, ni da garin mu bi ta."

Ta miƙa masa wani kasko, ɓarin tsohon tulu. Nomau ya naɗe ƙafar wando, ya yi bisimilla, ya shiga ramin idon da rarrafe.

Ya ɓulla a bakin wani kogi ja, wanda ba a hango gaɓarsa. Jirgin fito na ƙashi yana jira, mai tuƙinsa jikinsa na mutum, kansa na giwan ruwa.

"Hau, ɗan Adam. A nan ba a biyan fito da abin hannu. Ka ba ni labarin mutanen da harshensu ya tashi a kan ruwa. Amma ka sani jirgin nan ba ya ɗaukar ƙarya."

Suna tsakiyar kogi Nomau ya ce, "Na zauna da Gungawan Yawuri, mutanen tsibiran Kwara. Mu ne muke ce musu Gungawa, su Reshe suke kiran harshensu. Da aka yi madatsar Kainji ruwa ya cinye tsibirai da yawa, suka hau tudu da yarensu a baki. Na kuma ci kifi da Buduma a tsibiran Tafkin Chadi, masu shanun nan da ƙahoninsu suka kumbura kamar duma. Su ma sunan da suke kiran kansu dabam, Yedina."

Mai fito ya buga filafili a ruwa don daɗi. "Madalla! Kai fa, naka a kan me ya tashi?"

"Ni ai Hausa nake ji."

Nan take jirgi ya tsage, ruwa ya shigo har gwiwa, wasu baƙaƙen hannuwa suka fara leƙowa ta gefe. Nomau ya ɗaga kasko sama ya yi ihu, "A gindin dutse! A gindin dutse ya tashi!" Tsagar ta haɗe. Mai fito ya ci gaba da tuƙi har suka kai gaɓa.

Bayan kogi sai filin gishiri, fari fat, iska tana kaɗa shi. Ko'ina mutane ne a tsaye sun zama gumakan gishiri, kowa bakinsa a buɗe. Tun Nomau bai yi nisa ba ya ji yatsun ƙafarsa sun fara sanƙarewa. Wani raƙumi ya taso daga ƙasa, tozonsa a jere kamar kunyoyin gona.

"Tsaya nan, mai kasko. Ba mai ƙetare filina sai a bayana, kuma ba mai hawa bayana sai ya faɗa mini harshen da ya zauna tsakanin gida biyu, ya ci tuwon kowanne."

Gishiri ya kai masa idon sawu. Nomau ya rufe ido, ya tuno wani tsoho mai sayar da dabino da ya taɓa zama kusa da shi a Agadas.

"Tasawak, na mutanen Ingal, yamma da Agadas. Ƙashinsa ɗan'uwan Zabarmanci ne, amma ya sa rigar Buzanci. Bazabarme ya ji shi ya ce ya san muryar, Buzu ya ji shi ya ce ya san kalmomin, duk cikinsu ba mai bin hirar har ƙarshe."

Raƙumi ya durƙusa. Suna tafe kamar guguwa ya waiwayo da dogon wuyansa. "Kunne irin naka, me ya fitar da kai daga naka gidan?"

"Ƙuruciya ce, ranka ya daɗe. Surukai ne suka yi dariya, ni kuma kunya ta kama ni."

Raƙumi ya yi tsaki har gishiri ya tashi. "Iska da akuya," ya ce. Ya kakkaɓe shi a gindin wata ƙofa, ya nutse cikin ƙasa.

Ƙofar duwatsu biyu ce, suna buɗewa suna haɗewa da ƙara kamar tsawa, ƙasusuwa niƙaƙƙu a tsakaninsu. Murya ta fito daga dutsen dama.

"Ba ma tsayawa don wayo, ba ma tsayawa don sani. Faɗi kalma ɗaya da harshen da ka fara kuka da shi."

Nomau ya laluba kansa. Harsuna suka yi ta tasowa, kowanne yana miƙa masa tasa kalmar, yana ture su gefe. Ƙishirwar filin gishiri ta kama shi, sai ya ga kansa ɗan mitsitsi yana jan zanen Inna yana neman ruwa. Kalmar ta fito da kanta, a shaƙe. Duwatsu suka tsaya cak. Ya wuce.

Birnin Murhu ba shi da gida ko ɗaya, sai murhu-murhu har iyakar gani. Wata ƙatuwar tsohuwa ta tarbe shi da mafici a hannu, girarta ta ƙone tun da daɗewa.

"Ni ce Uwar Murhu. Biyo ni, kada ka taka toka, akwai masu ita."

Suka wuce wata wuta mai ci kamar gobarar daji, har Nomau ya kare fuska. "Hausa ke nan," in ji tsohuwar. "Ba ta buƙatar maficina." Suka wuce wata doguwa siririya da ta ratsa birnin daga gabas zuwa yamma, tana tsalle daga wuri zuwa wuri. "Fulatanci. Ba ta zama guri ɗaya." Daga nan suka shiga unguwar ƙananan wuta, tana nunawa da mafici, shi kuma yana ganewa yana faɗin sunayensu, kamar mai cin karo da tsofaffin abokai.

"Wannan Bade ce ta Gashuwa, ga ƙanwarta Duwai a gefe. Waccan Ngizim ta Potiskum."

"Idonka ya iya. Waɗannan na gindin duwatsu fa?"

"Warji, da Miya, da Kariya, da Siri, na ƙasar Bauci. Wannan kuma ta Afawa, su Pa'a suke cewa."

Sai suka zo wani murhu shi kaɗai can gefe, babu maƙwabci. Tsohuwar ta shafa tokarsa a hankali. "Jalaa, na Loja a ƙasar Balanga. Ban san masa uwa ba, ban san masa ƙane ba, shi kaɗai ya zo. Taɓa ka ji." Nomau ya taɓa, ɗan ɗumi-ɗumi kawai ya ji. Gaba da shi kuwa murhu ne a jere, sanyi ƙalau, gizo-gizo ya yi saƙa a duwatsunsu. "Na Auyokawa, na Teshenawa, na Ajawa. Jikokinsu suna nan da ransu, suna cin kasuwa, suna haihuwa. Wutar ce dai babu. Nakan share wurin duk da haka."

A ƙarshen layin ta tsuguna, ta tone toka da yatsa. Garwashi ɗaya, bai fi ƙwayar gurjiya ba.

"Ga naku. Zan ba ka, amma ka ji sharaɗi. Wutar nan ba ta cin kara, ba ta cin itace, harshe take ci. Duk inda ka ga za ta mutu, ka kai bakinka ka hura mata ɗaya daga cikin naka, gaba ɗayansa. Wanda ka hura ya tafi."

Nomau ya dubi kaskon hannunsa. Da harsunan nan yake ci, da su aka san shi, kowanne kuma ya tsinto shi ne da zaman haƙuri kusa da baƙi.

"In sun ƙare fa, ranki ya daɗe?"

"In sun ƙare ka ga abin da ya rage maka. Sa'an nan kai Batulme ne, ka fi ni sanin cewa wuta ba ta kamawa a murhun wanda kake riƙe da hakkinsa."

Ya miƙa kasko. "Zuba."

Yana fita ƙofar duwatsu iskar da suka buso ta kusa kashe garwashin. Ya hura masa Nufanci. Garwashi ya yi ja, shi kuwa ya ji wani ɗaki a kansa ya zama fayau, har ya nemi sunan kifi da yaren bai samu ba. A filin gishiri raƙumi bai fito ba, sai da ƙafa. Ya rufe kasko da rigarsa yana tafe a sunkuye, gishiri yana yankar bayansa. Ya hura Buzanci, ya hura Zabarmanci. Gumakan gishiri suka riƙa kiransa da muryoyin abokan cinikinsa, suna cewa, "Tafinta, kai da wa za ka ƙara magana? Ajiye kaskon nan, yaren tsohuwa ɗaya ne!" Bai waiwaya ba. A bakin kogi ya hura Barbarci. Mai fito ya ɗauke shi ba tambaya, amma a tsakiya igiyar ruwa ta watso cikin kasko, garwashi ya yi cuu. Ya hura Fulatanci, wanda ya fi so, hawaye na zuba.

Da ya shiga ramin ido yana rarrafe da gwiwar hannu, danshin laka ya danne wutar, ta koma ɗigo kamar idon allura. Hausa kaɗai ta rage masa. Da ita ya yi aure, da ita yake wasa da 'ya'yansa, da ita yake mafarki. Ya tuna gobarar nan da ba ta buƙatar mafici, ya ce a ransa wannan a kowace ƙofa ya tsaya zai sake ɗibarta, ko da zai fara daga sannu da zuwa kamar yaro. Ya kai baki ya hura.

Ya fito da rana tsaka, jikinsa duk laka da gishiri. Ashe yana can har bazara ta shigo, mutanen gari suna ɗora kaya a kan jakuna. Suka yi masa caa da magana, yana jinsu kamar kukan tsuntsaye. Ayashe ta riƙo hannunsa tana ta faɗin wani abu, ya gane sunansa kawai. Ya wuce su, ya shiga ɗakin Inna.

Tana nan inda ya bar ta. Ya tsuguna, ya juye garwashin a murhu, ya jera ƙananan karare a kai, ya hura. Bai kama ba. Ya ƙara da busasshiyar ciyawa, ya fifita da bakin rigarsa, ya hura har kansa ya yi jiri. Ciyawa ko baƙi ba ta yi ba. Garwashin ya fara lulluɓa da toka ta gefe. Ba shi da sauran harshen da zai ba shi.

Ya laluba kansa, gidan da a da ke cike da baƙi. Duk ɗakunan fayau, sai can ƙurya ya tarar da 'yan kalmomi, na yaro ƙarami: ruwa, wuta, zo, Inna. Da kuma wata doguwar magana guda. Ya tuna inda ya same ta. Ranar da ya fasa mata tulu a bakin ido ya ce akuya ce ta ture, ta durƙusar da shi, ta sa ya maimaita a bayanta har ya iya, sa'an nan ta ɗauke shi ta goya. Ya dubi kaskon da ke hannunsa, ya ga zanen da ke wuyan tulun nan, irin na hannun Inna.

Ya ajiye kasko. Ya ja da baya, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa biyu, babban mutum mai furfura a gemu. Mutane sun cika ƙofar ɗaki da tsakar gida. Ya buɗe baki, muryar ta fito ƙasa-ƙasa, ya tsaya. Ba haka ake yi ba, sai na waje ya ji. Ya ja numfashi, ya ɗaga murya har ta fita zaure.

Ayashe, wadda ke tsaye a bakin ƙofa, ba ta gane ko kalma ɗaya ba, amma ta ce tun bai kai ƙarshe ba ta ga ciyawa ta fara hayaƙi, ta ga Inna ta ɗago kai bakinta na motsi, can gindin dutse kuma wani kwaɗo ya yi kuka. Abin da Nomau ya faɗa, in an juya shi da Hausa, shi ne:

"Inna, ni ne. Ba iska ba ce, ba akuya ba ce. Ni ne na fasa. Ki yafe mini."